Waken da Inna take tsincewa

Shekarar da Inna ta fara ruɗewa, a gidana take, can saman Mpape a gefen Abuja. Takan yi azahar sau uku, ta kira matata da sunan ƙanwarta da ta rasu tun muna yara. Abin da ya fi damunmu shi ne fita. Da ka juya baya ta yafa mayafi, wai za ta kasuwa sayen kayan ƙosai, sana'ar da ta raine mu da ita.

Matata ce ta gano dabara. Kullum da safe sai ta zuba mata wake a faifai, ta watsa tsakuwa a ciki. Inna ta zauna a tabarma tana tsincewa, tana yi wa masu wake faɗan ha'inci. In ta gama, a faki idonta a sake haɗawa. Wata bakwai ba ta nufi ƙofa ba, kuma tana cinye tuwonta.

Wata Asabar sai ga yayana daga Maitama, darakta ne a ma'aikata. Ya tsaya a kanta, ko zama bai yi ba.

"Uwar tamu kuka mayar abin wasa?"

Na ce, "Yaya, ni dillalin motoci ne. Wadda aka ajiye ba a tayarwa, ita ke fara lalacewa a fili."

"Ita ba mota ba ce. Ƙarya kuke mata."

Nan kam gaskiyarsa. Ƙarya muke mata, kullum. Ya ɗauki hoton faifan ya tura wa dangi, kowa ya ce babba ya yi magana. A cikinsu ba wanda ya taɓa wanke mata zane.

Aka kai ta Maitama, ɗaki mai sanyin esi, ga nas, ƙofa a kulle. Hannunta bai saba zama ba, ta shiga tsinke zaren bargo, nas ta yanke mata farce. Abinci ya koma sai an ɗura.

Na je wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Ta dube ni, ta dubi makullin mota a hannuna.

"Malam direba, taimaka ka kai ni gida. Yarana ba su karya ba."

Motata na bakin get, maigadi ya san ni, ba zai tambaya ba. Na tsaya ina lissafin abin da dangi za su ce.

"Hajiya, motar ta lalace. Sai gobe."

"To, Allah ya kai mu," in ji ta, ta juya fuskarta bango.