Na Je Auna Giwa da Igiya

Bari in faɗi laifina da bakina kafin wani ya riga ni. Ni ne mutumin da ya ɗauki fensirin kafinta ya yi wa masu ilimi gyara a littafinsu. Aji biyu na yi a firamare, shi ma na biyun rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi, amma da furfurata na zauna a ƙofar gidana a Bagadaza na ce littafi ya yi ƙarya.

Ina da jika 'yar shekara tara. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake kiranta. A Pantami suke zaune, duk Juma'a in an sauko daga masallaci ubanta, wato ɗana, yakan kawo min ita mu yi hira har yamma. Kwanakin baya ta zo da wani littafi da aka ba ta aro a makaranta, mai manyan hotuna masu launi, na dabbobi da girmansu. Kowane shafi dabba ɗaya, a gefenta an zana ɗan mutum a tsaye don a ga bambanci. Tana karantawa da Turanci tana juya min da Hausa. Na haƙura da raƙumin dawa. Na haƙura da wani kifi da aka ce ya fi tirela tsawo, tunda teku ba unguwarmu ba ce. Da muka zo kan giwa na ga kan ɗan mutumin nan ko bakinta bai kai ba, sai na ce a'a, nan kam an zo wurina.

Dalili kuwa, shekara da shekaru ina ba yaran gidanmu labarin yadda na yi ido biyu da giwa a bakin kogi ina saurayi. Na ce musu kamar babban bijimi take da ɗan ƙari, in ta sunkuya za ta shiga ƙofar zaure. Gaskiyar magana, wani direban babbar mota ne ya ba da labarin a teburin mai shayi, na ɗauka na cire shi na sa kaina, na yi ta faɗa har ni ma na fara tuna warin wurin. To na zaro fensir daga bayan kunne, na ƙara wa ɗan mutumin tsawo har ya kusa kafaɗar giwa. Har hula na ɗora masa.

Yarinyar nan ta ɗauki littafin ta kai aji, ta miƙe tsaye gaban kowa ta ce kakanta ya ga giwa da idonsa, kuma kafinta ne, ba ya kuskuren awo. Aka yi mata dariya. Malamarsu ta nuna musu giwa a waya, 'yan aji suka laƙaba mata suna Jikar Mai Giwa. Juma'a biyu a jere ubanta ya zo shi kaɗai. Ya ce ta ce kanta na ciwo. Da ya nuna min giwar a tasa wayar, maimakon in yi shiru sai na ce ai waya kumbura abu take yi, ni ma ta taɓa yi min hanci kamar turmi. Ya dube ni ya ce, "Baba, shirya. Ranar Asabar za mu je gandun dajin da giwaye suke, ka nuna mana da hannunka."

Mun tashi da asuba, ana idar da salla. Ɗana ne ke tuƙi, ni a gaba, Uwata a baya ta rungume littafin, ta gaishe ni gaisuwar da ake yi wa maƙwabcin da ba a shiri da shi. A aljihuna akwai igiyar da nake ja wa layin rufi, na yi mata ƙulli a kowane kamu. Niyyata in auna giwa, in dawo da shaida. Yadda za a yi giwar ta tsaya a auna ta, wannan ban tsaya na yi tunaninsa ba.

Muka bi hanyar Bauchi. Rabona da fita ta nan ya daɗe, na yi mamakin yadda Gombe ta miƙe ƙafa. Inda na sani gonakin wake, yanzu katanga ce da gidajen mai, rufin kwano ja da shuɗi har kusan Lawanti. Ina ta duba rufin mutane ina kushewa. Bazara ce, tun hantsi bai yi ba kujera ta fara ɗumi. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri kuma ramuka sai ka ce an yi haƙar gyaɗa, ɗana yana kauce musu yana salati, tireloli suna wuce mu kamar za su tafi da madubin motar.

A Alkaleri muka tsaya karyawa. Masa ce mai zafi, gefenta ya soyu, ga miyar taushe da ɗan yaji. Da mai masar ta faɗi kuɗin na waiga bayana, na zaci da wani take magana. Na ce, "Hajiya, masar ce ko har da tandar?" Ta ce, "Baba, je ka tambayi mai shinkafa." Na miƙa wa Uwata masar da ta fi kowacce kyau, ta karɓa ta ce na gode ba ta ɗago kai ba. Wannan na goden ya fi kuɗin masar yi min ciwo.

A Dindima muka saki babban titi muka yi kudu. Ƙauyuka jefi-jefi, rumbuna, Fulani da shanu suna neman inuwa, mata ɗauke da itace. Duk bijimin da muka wuce sai in nuna shi in ce, "Kun ga wannan? To ku ƙara masa kaɗan." Ɗana ya ce, "To, Baba." Yadda ya faɗi to ɗin nan bai kwanta min ba.

Wajen hantsi muka isa gandun dajin. Abin da ya fara tarbar mu gwaggon biri ne, garke guda, suna yawo tsakanin motoci kamar su ne masu wurin. Ɗaya ya zo ya zauna gabana yana kallon ledar gyaɗar da ke hannuna, kafin in ce kai ya fizge ya hau rufi yana ɓarewa yana watso min ɓawon. Na ji ƙaramar dariya a bayana, na waiga da sauri, ta riga ta haɗe rai. Ga gadu kuma suna kiwo a durƙushe kan gwiwa, ko a jikinsu.

Aka haɗa mu da wani ma'aikacin daji mai rakiya, dogo siriri, da kaki kore da bindiga a kafaɗa. Ya ce mu sani ba kullum ake ganin giwa ba, wasu sukan kwana uku su koma ba su gani ba, amma da zafin nan sukan sauko bakin ruwa. A raina na ce Allah ya sa yau suna da uzuri. Muka hau buɗaɗɗiyar mota muka shiga daji. Mun ga mazo, mun ga gwambaza, mun ga tsuntsaye iri-iri, Uwata tana buɗe shafi tana dubawa. Ni kuwa abin da ya fara tsinka min zuciya itace ne. Wata bishiya ce a gefen hanya, kaurinta ya kai cinyata biyu, an karya ta daga tsakiya, ɗanya shar. Na san itace. Irin wannan sai mu biyu da zarto mu yi rabin yini a kanta. Na tambaya ko iska ce. Mai rakiya ya ce, "Ganyen sama take so, Baba, ba ta son miƙa wuya."

Can gaba kusa da rafi ya sa aka tsaya, ya leƙa ko'ina, ya ce mu sauko amma kada mu yi nisa da mota. Ga kashi nan curi-curi, kowanne kamar malmalar tuwon gidan biki. Ga kuma wasu ramuka zagayayyu a cikin laka, na zaci an ajiye kwandon wanki ne an ɗauke. Ya ce sawu ne. Na sa ƙafata da takalmi a cikin ɗaya, ta yi kamar cokali a faranti.

Nan ne ya hango igiya tana leƙe daga aljihuna. Ɗana, Allah ya shirye shi, ya kwashe labari duka ya ba shi. Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce, "Ai Baba ya zo da kayan aiki. Mu ma haka muke yi. Ka zagaya sawun ƙafar gaba da igiya, abin da ka samu ka ninka biyu, tsayinta ke nan daga ƙasa zuwa kafaɗa."

Na tsuguna na zagaya. Ƙulli uku cif. Na ce ƙila lakar ce ta baje, na koma wani sawun. Uku. Na ninka, kamu shida. Ƙofar ɗakin da nake yi wa mutane huɗu ce da ɗan abu. Mai rakiya ya ce Uwata ta taka bakin igiyar a ƙasa, ni in ɗaga ƙulli na shida sama. Na miƙa hannu, na yi ɗage, igiya tana nan a lanƙwashe. Na taka tayar mota, ɗana yana riƙe da ƙuguna, har yanzu da saura. Sai da na hau bayan motar na miƙe tsaye sannan ta miƙe. Na leƙo ƙasa na ga yarinyar can ƙasa tana kallona, baki buɗe. Igiyata ce, ƙullina ne, hannuna ne ya auna. Ba wayar da zan ɗora wa laifi.

Ina nan tsaye kamar mai shanya, mai rakiya ya ce a hankali, "Ku hau. Kada kowa ya yi magana."

Wallahi ban ji tahowarta ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan har yau. Akuyar gidana in za ta wuce sai unguwa ta sani, amma wannan halitta ta fito daga cikin itatuwa shiru kamar hadari. Na ɗauka dutse ne a hayin rafin, sai dutsen ya kaɗa kunne. Kunne ɗaya ya kai ƙyauren taga babba. Ƙafafu kamar ginshiƙan masallaci. Ta sa hanci a ruwa ta zuƙa, ta watsa a bayanta, wasu biyu suka biyo ta da ɗan ƙarami yana tuntuɓe tsakanin ƙafafunsu. Shi ɗan ƙaramin nan, shi ne daidai giwar da na yi shekara arba'in ina ba da labari.

Bakina yana ta innalillahi ba tare da na sa shi ba. Na zauna daɓas. Sai na ji ɗan hannu ya kama nawa ya matse. Na zaci tsoro take ji, na buɗe baki zan ce kada ta damu kakanta na nan, sai na ga ashe ni ne mai tsoron, ita riƙe ni take yi. Da suka juya suka shige daji, na samu murya na ce wa mai rakiya lallai mun ga uwar garke. Ya ce, "Wannan? Matashiya ce, Baba. Da toron ne ya fito, da igiyarka ba ta isa ba."

Ban ci abincin rana ba. An ce akwai wani ruwa mai ɗumi da ake wanka a ciki, su suka je suka gani, ni na zauna a inuwa tare da birai, don a ranar su ne sa'o'ina. A hanyar dawowa mun tsaya a Dindima ɗana ya sayi soyayyen kifi, Uwata ta ɓare ta cire ƙaya ta miƙo min gaba. Mun wuce shanu da yawa, ban nuna ko ɗaya ba. Muka shigo Gombe ana shirin kiran magariba, keke-napep sun cika titi, komai ya yi min ƙanƙanta, har ƙofar zaurena.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, amma ya shiga. A sana'ata ban taɓa yanka katako ban auna ba, ko yaron shago ba na bari ya yanka da ido. Amma a baki na yi shekaru ina yanka ba awo, ina ganin ai hira ce, wa zai cutu. Ban san akwai mai ɗaukar maganata ta tsaya da ita gaban mutane talatin ba. Ranar Litinin na sa babbar riga na je makarantarsu, na nemi izinin malamar, na tsaya gaban aji na ce littafi ya yi gaskiya, Mai Giwa ne ya yi ƙarya, kuma jikarsa ta ga giwa huɗu da idonta, wanda ya ga ko ɗaya a cikinku ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Sun yi dariya, amma wannan karon ni aka yi wa.

Juma'ar da ta biyo baya ta zo. Muka shimfiɗa tabarma, na saya mata rake, hira ta yi daɗi, har na manta kaina na gyara zama na ce, "Lokacin da nake saurayi, akwai wata rana..."

Ta ajiye raken. Ba fushi a fuskarta, ba kuma wasa. Ta ce, "Kaka, tsaya tukuna. A cikin duk labaran da ka taɓa ba ni, ka faɗa min guda ɗaya wanda ya faru da gaske. Ina so in san wanda zan riƙe."