Tulun da Aka Buɗe Saboda Ni

Akwai wata ranar Lahadi a Summerfield da ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Shekaru sun ɗan ja, mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa, amma kunyar dai tana nan yadda take.

Lokacin ban daɗe da kammala digiri na biyu ba, na sami aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Greensboro. Shugabanmu dattijo ne ɗan ƙasar Sin. Ya gayyace mu cin abincin rana a gidansa da ke Summerfield, ni da wata abokiyar aikina Kirista 'yar Jos, wadda muke taɓa Hausa da ita in Turanci ya ishe mu. Ita ta tsegunta mini cewa mutumin ba shi da hira sai ta giyar ƙasarsu.

Ni Musulmi ne, ban taɓa kai giya bakina ba, kuma abin da ya kamata in gaya masa ke nan. Amma a gidanmu ba a ce wa babba a'a kai tsaye, ga shi ina tsoron a ɗauke ni baƙauye. Sai na zauna na yi ta karatu a kan giyar, kamar mai shirin jarrabawa.

Da aka kawo gasasshen naman rago, ya tambaye ni ko na san wani abu game da giyar Sin. Sai bakina ya buɗe. Na ce jar giyar inabi ta Ningxia, yankin da ke gefen hamada, ita ce abokiyar naman rago. Farar ta Shandong, ta bakin teku, ta fi dacewa da kifi. Ta Shaoxing kuwa da shinkafa ake yin ta, a ɗumama a sha da ƙaguwa.

Abokiyar aikina ta taka mini ƙafa, ta ce da Hausa, "Malam, yaushe ka zama mashayi ban sani ba? Kai da ko layin 'yan burukutu ba ka bi!"

"Don Allah rufa mini asiri," na ce ƙasa-ƙasa.

Fuskar dattijon ta washe. Ya shiga ciki ya fito da wani ɗan tulun ƙasa, an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle. Ya ce shi mutumin Shaoxing ne, kuma a can in an haifi 'ya mace akan binne giya, ba a tono ta sai ranar aurenta. Wannan shi ne tulu na ƙarshe da ya rage daga bikin 'yarsa.

"Na daɗe ina jiran wanda zai san darajarta," in ji shi.

Kafin in haɗa magana ya ɓalle murfin. Matarsa ta ɗumama giyar, ya miƙo mini ƙaramin kofi da hannu biyu.

Na karɓa. In ban manta ba, har na raya a zuciyata in ɗan taɓa shi da leɓe kawai. Na kasa. Na ajiye kofin na ce, "Ranka ya daɗe, ka yafe mini. Ni ba na shan giya. Duk abin da na faɗa karantawa na yi."

Matar ce ta fara magana: "Haba ɗana, da ka faɗa tun daga bakin ƙofa, ai da shayi na dafa maka."

Shi kuwa dattijon ya daɗe yana kallon tulun, sannan ya ce, "In an buɗe ta, ba ta ƙara ajiyuwa." Ya ɗauki kofin da ke gabana ya miƙa wa abokiyar aikina. Suka shanye abar nan da ragowar naman, ni kuma ina juya cokali a cikin shayin da matar ta kawo mini daga baya. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma sake tayar da zancen ba har muka rabu da aiki. Da ma ya zage ni, ina ganin da ya fi mini sauƙi.

Ranar na gane cewa kunyar da ke hana mutum cewa a'a da wuri ba ladabi ba ce, domin wani ne ke yin asara a ƙarshe. Yanzu tun a waya nake faɗar abin da ba na ci ko sha. Waɗanda muka zauna a teburin nan tare, in na kauce a wani wuri, don Allah ku aiko mini da gyara.