Iskar da Yaya Bawa Ya Rasa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bawa a nan Riyad, kuma har yau in aka tambaye ni abin da ya same shi sai in ce ajali, in sunkuyar da kai. Ajalin gaskiya ne. Sunkuyawar kuwa tana da dalili, shi nake so in faɗa yau, ko da rubutun zai zo a karkace, don ban yi nisa a boko ba.

Mu 'yan bakin ruwa ne daga wajen Yawuri, jikokin masunta. Tuƙin motar kaya ya kawo Yaya unguwar Sulay a Riyad, ni kuma aure ya kawo ni. Ku dubi ikon Allah, mutumin da ya tashi da ƙugiya a hannu ya tare a garin da babu kogi. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ga abokan aikinsa 'yan Filifin suna tafiya teku can gabas ranar hutu, suna sayen 'yan kifayen roba masu laushi da ake soka wa ƙugiya a madadin tana. Ya juya ɗaya a tafin hannu, ya ce wanda ya yi wannan bai taɓa kallon wutsiyar kifi a ruwa ba.

Sai ya koyi yin su da kansa. Ruwan robar fari ne kamar madara. Zai ɗumama shi a na'urar ɗumama abinci har ya yi garau, ya ɗiga launi da ƙyalƙyali, ya zuba a mazubi mai siffar kifi. Nasa wutsiyarsu rawa take yi, har Larabawa suka fara nemansa.

Ɗakin da yake aikin ne abin tausayi. Taga ɗaya, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya cinye ta, gefe da gefe ya toshe da kwali da salatif. Zafi dalili ne, amma babban dalili tsoro: a iƙamarsa, takardar izinin zama, direba aka rubuta, kada maƙwabta su ji wari zance ya kai kunnen kafil, ubangidan da ya tsaya masa. Ranar Juma'a in muka kai masa tuwo ni da maigidana, tun daga ƙofa idona ke yaji.

"Yaya, ɗakin nan kamar silifa ya faɗa murhu."

"Ke dai kin cika hanci, 'Yar Baba. Warin arziki ne."

Yana da fuka tun yana yaro. Tari ya zo, ƙirji ya fara kukan sarewa. Maigidana ya raka shi asibiti, likita ya yi ta nanata wata kalma, tahawiyya, wato shigar iska da fitarta a ɗaki. Maigidana, da Larabcinsa na kasuwa, ya bugo mini waya ya ce, "An ce matsalar iska ce."

Mai karatu, kai ma Bahaushe ne, ka san abin da kunne ke ji in an ce wane yana da matsalar iska. Kafin la'asar zance ya isa Yawuri. Dattawa suka ce ai dama, mutum ya zauna yana ƙera kifi marar rai yana yaudarar na ruwa, mutanen ruwa za su ƙyale shi? Inna, mahaifiyarmu, ta aiko da ƙullin hayaƙi. Mu kuma 'yan'uwa muka taru muka yi yadda ake yi: a rufe ƙofa, a zuba a garwashi, a lulluɓe majinyaci da bargo. Mai neman numfashi muka ƙara wa hayaƙi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shi ya fahimci likita sarai. Amma da ya ga ƙullin sai ya yi murmushi ya ce, "Ku yi, kada Inna ta ji na ƙi." Kunya ta hana shi gyara mana, tsoro ya hana shi cire kwalin, bai kuma bar zuba roba ba. Bai ga wata Sallar ba.

Yanzu in ina zaune a gida ina latsa waya, nakan ci karo da samari masu wannan sana'a. A tsakar fili suke yi, ko gaban taga da fanka tana jan tururin waje. Hanci da baki a rufe da takunkumi mai matata, hannu a safa, na'urarsu daban da ta abinci. Suna cewa in robar ta yi rawaya ta fara hayaƙi to ta ƙone, a kashe a fita. Me Yaya zai ce? Na san zai kushe wutsiyar kifinsu tukuna. Sannan ya tsaya kallon 'yar fankar nan, wadda irinta na jibge a shagunan kasuwar Dira.

A gida kuwa labarin bai canja ba: mutanen ruwa ne suka bi Bawa har Saudiyya. Na bar shi haka, don gyara shi na nufin Inna ta san me ƙullinta ya ƙara.

Watan jiya ƙaninmu Habu, mai 'ya'ya huɗu, ya ce in aiko masa mazuban Yaya ta hannun wani mai tashi gida. Ya ware ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa, wanda ko kafar ɓera babu. "Kada ki damu, Yaya, zan kai wa malam ya tofe su tas."

Na ɗauki saƙon murya na goge, na sake ɗauka na goge. Daga ƙarshe na tura masa, na kuma san a gaban Inna zai kunna. Na ce, Habu, a yi addu'a, amma ba iska ce ta shiga Yaya ba, iska ce ya rasa. In ba ka fasa taga ka sa fanka ba, mazuban nan suna ƙarƙashin gadona har abada.

Da yamma Inna ta kira. Muka gaisa. Sai ta ce, "An kira magini."

Yaya bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Kifayensa na roba ƙila suna can maƙale a duwatsun teku. Abin da zai saura nasa dai taga ce a bangon wani ɗaki a Yawuri. Allah ya jiƙansa, ya buɗa masa ta Aljanna a makwancinsa.