Layi Ɗaya da Ɗan Baffana Ya Rubuta Mini

A gidanmu na Garoua ba a cewa "ni na yi". Babanmu ya rene mu a kan cewa aiki naka ne, magana ta mutane ce. Shi ya sa da zamani ya zo da buɗe shafi a dandalin neman aiki na intanet, kowa ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa, sai na ji kamar an ce in tuɓe a tsakiyar kasuwa.

Ɗan baffana ya ce, "Yaya, bar mini, Faransancina ya fi naka." Ya rubuta mini layi ɗaya tak: "Ɗan kasuwa mai tawali'u, mai neman halal." Har godiya na yi masa, ni sakarai.

Ba a jima ba wani kamfani ya fara neman wanda zai riƙa saro masa shinkafa a Yagoua, aikin da na shekara goma ina yi wa gidanmu. Shi suka kira, ba ni ba. Na leƙa shafinsa, sai ga rayuwata kaf da sunansa a sama. Wai shi manoman bakin kogin Logone suka sani. Mutumin da sau ɗaya ya taɓa bi na, ya wuni cikin mota yana mitar sauro!

Raina ya ɓaci, na jingine kunya gefe. Da Faransancina mai ɗingishi na rubuta a shafina abin da na iya: ina tauna ƙwayar shinkafa in gane ko ta bushe, ina Fulatanci da direbobi, Hausa da dillalai, na san inda zan adana kaya in damina ta hana mota wucewa. Ban kira kaina gwani ba. Na rufe da cewa duk mai iƙirarin sanin aikin nan, a ba shi shinkafa ya tauna. Shi na ɗana wa tarkon, ba zan ɓoye ba.

Suka kira mu tare. Matar da ke tantance mu ta ajiye kwano biyu na shinkafa a gabansa. Ya tauna, ya sake taunawa, ya zaɓi mai danshin. Wallahi daɗi ya kashe ni. Ni suka ɗauka.

Bayan sati ya zo yana sosa ƙeya. "Yaya, don Allah gyara mini nawa."

Na karɓi wayarsa, na goge komai, na mayar masa da layin nan ɗaya da ya rubuta mini, harafi da harafi. Na ce, "Ga shi nan, ƙanena. Saura ka zama hakan."