Gawayin Yaya a Kaskon Hajiya

Yayana ya ce abin da ke cikin gwangwanin nan ba gawayi ba ne. Ni kuwa gawayi na gani: guda biyar, baƙi wuluk, ba nauyi, in ka yi atishawa a unguwarmu Tottenham, nan ƙasar Turawa, sai dai ka tsinto su can unguwar Stratford.

Shekararsa uku yana digirin dakta a kansu. Carbon aerogel ake ce musu. Wai cikinsu duk ƙofofi ne, kusan iska zalla, sai 'yan zaren carbon da ke riƙe da juna. In mahaɗar zaren ta yi kauri, lantarki ya wuce salin-alin. In ta yi siriri, ya yi ta cijewa. Wata biyu ya yi yana dafa waɗannan, yana busarwa, yana gasawa, kowanne da irin saƙarsa. Ya kawo su gida ne don ranar Litinin zai yi sammako ya kai su awo a gwada wanda ya fi. Malaminsa ya riga ya ce masa daga wannan ba ƙarin wata dama.

Ranar Asabar kakarmu Hajiya, da ta zo ganin likita daga Kano, ta ce flat ɗinmu warin kafet yake. Ta fito da kasko da turaren wuta.

"Ke ja'ira, ba gawayi a garin nan ne?"

Na miƙa mata gwangwanin. Wallahi niyyata in yi dariya in karɓe. Sai waya ta yi ƙara, ƙawata ce, ni kuma in na kama waya sai kunnena ya nuna. Ina dawowa na tarar ta kunna huɗu a kan murhun girki ta zuba a kasko, sun yi jajir.

"Gawayin Turawa ba auki," in ji ta.

Da Yaya ya shigo, gida ya ɗau ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ya leƙa gwangwani, ya leƙa kasko, ya zauna a ƙasa da takalminsa.

"Wa ya ɗauko?"

Hajiya ta dube ni, ta dube shi. "Ni ce, ɗan nan. A kan gawayi kake wannan fuska? In na koma sai in aiko maka buhu."

Ya tafi da guda ɗayan ranar Litinin, ba abin da zai gwada shi da shi. Kafin sanyi ya shigo ya bar karatun ya fara tuƙa tasi, irin wadda ake ce wa minicab. Kullum shi ke sauke ni a makaranta, ina gidan baya, har yau ban faɗa masa ba.