Gaisuwa ta Jikin Ƙarfe

Gidan da nake zaune a Cheetham Hill, a nan ƙasar Turawa, ba don mutane aka gina shi ba. Masaƙa ce a da. An ce injinan saƙa ne cike da shi tun daga ƙasa har sama. Da sana'ar ta mutu aka kwashe su, aka yanyanka wurin ɗaki-ɗaki, aka sa ƙofofi da lambobi, aka ce mutane su shigo. Mu ma muka shigo, ni da autata mai aikin jinya a asibiti, wadda ta ɗauko ni daga gida bayan rasuwar mahaifinta.

Bangon jan bulo ne tsirara, ba yaɓe ba fenti. Na ce mata ba su ƙarasa aiki ba, ta ce haka Turawa ke so. A tsakiyar falo kuma ga wani ginshiƙin ƙarfe baƙi, kaurinsa ya kai turmi, ya fito daga ƙasa ya huda rufi ya wuce. Shi ke riƙe da ginin, ba su iya cire shi ba. Ya bi ta fulat ɗin da ke ƙarƙashinmu, wato sashen maƙwabtanmu na ƙasa, ya bi ta namu, ya bi ta na sama.

A waje hayaniya ba ta yankewa: bas, taram mai bin layin dogo, manyan motoci masu sauke kayan 'yan sari. Amma kina shigowa, ƙofar nan mai nauyi ta rufe kanta, sai shiru. In na yi sallama a lif, akwatin nan mai hawa da sauka da mutane, kowa ya dubi takalminsa.

Ba mutuwa nake tsoro ba, ita kam tana tafe. Tsorona shi ne ta zo da safe bayan autata ta fita, in kwanta a bayan ƙofa mai lamba, ba wanda zai ce yau ba mu ji motsin tsohuwa ba. A gida, in hantsi ya yi ba a ji tarinki ba, wata za ta leƙo ta katanga.

A lif na haɗu da wata mata. Baturiya ce tsohuwa, 'yar ƙarama, ta ranƙwafa a kan jakar cefane mai taya. Na yi sallama kamar yadda na saba. Ba ta dubi idona ba, bakina ta duba. Sai ta buɗe nata bakin tana motsa leɓe manya-manya, ba murya ko kaɗan. Na ɗauka ba'a take yi mini.

Autata ce ta bincika mini. Ashe matar a ginin nan ta yi aiki tun tana budurwa. Ƙarar injina ta cinye mata kunne, kuma matan masaƙa da leɓe suke hira, don ba mai jin wata. Da ta tsufa, kansil, wato ƙaramar hukuma, ta ba ta wurin zama a ginin da ya kurmantar da ita, a samanmu daidai.

Na dama kunun gyaɗa na hau mata da shi. Ba ta da Hausa, ba ni da Turanci, sai muka zama daidai. Kujerarta tana jingine da ginshiƙin nan. Ta kama tafin hannuna ta ɗora a kan ƙarfen, ta ɗauki cokali ta buga. Na ji shi ya bi ƙashina har kafaɗa. Ta nuna ƙasa, ta nuna ni, ta nuna bayanta. Na gane. Kunne ba ya ji, amma baya yana ji.

Tun daga nan, kowace safiya in autata ta fita, sai in ɗauki ludayin ƙarfe in buga: kin kwana lafiya? Ita kuma ta amsa. Bugunta yana da nasa salo, a hankali yake zuwa, na ƙarshen ya ɗan makara, kamar tafiyar mai ɗingishi. In na ji shi sai in ɗora tukunya da kwanciyar rai.

Ana nan, matar ɗana ta haihu a Birmingham, aka ce in je wankan jego. Na hau na yi wa tsohuwa sallama, na rungume hannuwa ina jijjigawa kamar mai goyo. Ta yi dariyarta marar sauti. Ban dawo ba sai da aka yi arba'in, sanyi ya riga ya shigo.

Washegarin dawowata na buga. Aka amsa, a hankali, na ƙarshen ya makara. Na ce alhamdulillahi. Haka muka yi ta yi, safiya bayan safiya. Gwiwata ta matsa mini a lokacin, ban hau ba. Da na samu sauƙi na dama kunu na hau.

Ƙofar a buɗe take. Wani mutum ne a kan tsani yana fenti. Ba kujera, ba labule, ba komai, sai ginshiƙi tsaye a tsakiyar fili.

Autata ta tambayi mai kula da ginin. Ya ce ta rasu tun ina Birmingham. Sai da aka kwana biyu kafin a lura. A zaune aka same ta, bayanta jingine da ƙarfen.

Na ce, "To wa ke amsa mini?"

"Inna, hita ce, abin ɗumama ɗaki. Bututun ruwan zafi ya bi ta jikin ƙarfen, in ya ɗau zafi sai ya yi ƙara."

"Hitar taku ɗingishi take yi?"

"Don Allah kar ki fara. So kike a ce uwar nas tana hira da ginshiƙi?"

Na san mamaci ba ya dawowa, na nemi tsari da Allah daga shaiɗan. Amma ludayin ya yi mini nauyi a hannu. Na ce mata, "Wa za a yi wa gaisuwa?" Ta ce matar ba ta bar kowa ba. Na ce in ba dangi, ai akwai maƙwabta.

"Nan ba a yi, Inna."

"To yau za a yi. Ɗauko mayafinki."

Muna tafe a dogon lungun nan mai fitilar da ke kunna kanta, ta tsaya ta ce, "Me zan ce musu? A Turanci gaisuwar safe daban, ta mutuwa daban. Wacce kike nufi?"

Na ce, "Mu guda ɗaya muke da ita, kuma mai rai ake yi wa. Faɗa musu yadda kika iya."

Wasu ba su buɗe ba. Wata ta ɗauka talla muka kawo. Wani saurayi ya ce bai san akwai tsohuwa a sama ba. Ni dai ina cewa, "Ya haƙuri, Allah ya ba mu haƙuri," autata tana juyawa, kanta a ƙasa don kunya.

Daga ƙarshe muka sauka fulat ɗin da ke ƙarƙashinmu. Wani dattijo baƙar fata ya buɗe, tsohon direban bas, mutumin tsibiran nan na ƙetaren teku. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya cire hularsa. Ya koma ciki ya fito da cokalin shayi. Ya ce kullum da mu yake karya kumallo, yana jin tambaya yana jin amsa. Da ya samu labarin rasuwar, ya kuma ji ina bugawa, bai iya barin tambayar a rataye ba.

Autata ta dube ni da murmushi. "Kin ji aljanin naki, Inna."

Na ce, "Tambaye shi yaushe ya fara."

Ya ce bai daɗe ba, don yana asibiti, cikin makon nan aka sallamo shi. Ni kuwa tun dawowata ake amsa mini. Na ce ya buga in ji. Ya buga. Nasa da sauri yake, a jere, ba ɗingishi.

A lif na dubi autata. Ita ma takalminta ta duba.

Yanzu kowace safiya ina bugawa, dattijon yana amsawa daga ƙasa. Ranar da mura ta kwantar da ni ban buga ba, hantsi bai gama yi ba sai ga shi a ƙofa yana danna ƙararrawa, da silifas ɗin ɗaki a ƙafarsa. Ran nan na san ba zan kwanta a bayan ƙofa ba tare da an sani ba.

An sa wasu matasa a sama, sun naɗa wa ginshiƙinsu fitilu masu launi. Duk da haka, in dattijo ya gama amsawa, ba na ajiye ludayin nan da nan. Nakan bar tafin hannuna a kan ƙarfen, in ɗan jira. Na ƙarshen dama makara yake yi.