Jijiyar da Hammadu Ya Binne

Duk rijiyar da ke ba da ruwa mai daɗi a Durba, in ka bincika da hannun Hammadu a ciki. Haƙa ya gada wajen mahaifinsa, haƙar kuma ta rusunar masa da baya tun bai yi furfura ba. Shi ya sa da wani kamfani ya zo shimfiɗa wayar sadarwa daga Rano zuwa Kibiya, shi aka fara nema.

Injiniyan aikin, wani Lukman mai yawan surutu, ya feɗe masa guntuwar wayar ya nuna masa. Zare ne na gilashi, siriri kamar gashi. Ya ce haske ke gudu a ciki ɗauke da saƙo har gindin dogon ƙarfen sabis, shi kuma ƙarfen ya watsa wa wayoyi da kwamfutoci ta iska. Hammadu ya jinjina kai ya ce, "Ashe jijiya ce." Ya binne ta da ladabi, yana tsince duwatsu kada su ƙuje ta.

Mutanen majalisa kuwa dariya suka yi masa. Wane mahaukaci ne zai kashe dukiya ya binne gilashi? Jan ƙarfe ne a ciki, suka ce, ana dai ɓoyewa ne. Ya rantse har ya gaji. Wallahi akwai taurin kan da ko jaki zai ji kunyarsa.

Ana nan idon matarsa Fanta ya fara dushewa. Ramlatu, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin garin, ta ɗauki hoton cikin idon da na'ura. Ta ce likita a Kano ne zai duba ta kwamfuta, in ya amince a saka Fanta cikin waɗanda motar masu aikin ido za ta kwasa a makon. Ta ƙara da cewa irin wannan ciwon ba ya jira.

Ranar da za a tura hoton, sabis ya ɗauke ɗif. Ramlatu ta fita fili, ta hau kan katanga tana ɗaga waya sama, ko ɗigo babu.

"Baba, ga ƙarfen can a tsaye, amma fanko ne," ta ce wa Hammadu. "Abin da ke ciyar da shi ta ƙasa aka taɓa."

Hammadu ya bi layin da ya haƙa da hannunsa. A bayan wata gonar dawa ya tarar da rami a buɗe, gefensa tulin toka mai warin roba. An ƙona wayar ne yadda ake ƙona ta lantarki don a zare jan ƙarfe. Haƙar ma ta ragwaye ce, a karkace. Sai da ya tofar da yawu. Sawun kuma ya san shi, don da diga da cebur ɗinsa aka yi aikin. Ƙanensa Sagiru ne ya are su wai zai gyara masai.

Hammadu ya same shi a tsakar gida, akuyoyi ɗaure da ragowar baƙar wayar da aka tono. Ko kunya Sagiru bai ji ba, shi ne ma mai fushin.

"Yaya, mutanen nan macuta ne! Mun sha wahalar banza, ko ƙwayar jan ƙarfe babu."

"Ai na gaya maka."

"Mun ɗauka su suka ce ka faɗi haka."

 Hammadu bai zage shi ba, bai ga abin zagi a wurin ba. Ya ɗauki digarsa ya fita.

Kafin masu gyara su zo, motar masu aikin ido ta kwashi nata ta wuce. Ranar da sabis ya dawo, samari suna ta murna a bakin titi, shi kuwa ya nufi gida. Fanta na zaune a inuwar rumbu, ta juyo da fuskarta sosai wajensa, yana tsaye dab da ita da rana tsaka.

"Wane ne?" ta ce.